Igiyar da Inna Ta Tufka

Ni dai tunda nake ban taɓa hawa itacen da ya fi katangar gidanmu tsawo ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma duk wanda ya zauna a Bauchi a shekarun nan na gab da samun 'yancin kai, in ya tuna masu saran itace na Tirwun, mu biyu zai tuna: yayana a sama da gatari, ni a ƙasa da igiya. Shi siriri ne kamar karan dawa, ni kuwa Allah ya yi ni da jiki, har matarsa takan tsokane ni ta ce in dai ina wurin ba sai an kafa turke ba, a ɗaura igiyar a ƙuguna kawai. Babanmu ne ya raba mu haka tun yana da rai. Ya dubi ƙirar kowa ya ba shi wurinsa, kuma wallahi bai yi kuskure ba.

Saran itace a daji ba wani abu ba ne. Ka duba inda ya karkata, ka yi masa baki ta wannan gefen, ka zagaya baya ka sara, ka bar 'yar tsoka a tsakiya wadda za ta riƙe shi har ya kwanta inda kake so. Aikin cikin gari shi ne aiki. A can itace ba shi da wurin faɗuwa, nan ɗakin wani ne, nan rijiya, nan rumbu, can kuma lungun da mutane ke wucewa. Dole a sauke shi reshe-reshe tun daga ƙoli. Yaya zai hau, ya ɗaure kansa da gajeriyar igiya a jikin itacen, ya rataya babbar igiyar rama a gwafar da ta fi tsawo, ya ɗaure reshen da zai sara da bakinta ɗaya. Ɗaya bakin yana hannuna a ƙasa, na naɗa shi a turke ko a gindin itacen don nauyin kada ya fizge ni. In reshe ya rabu, sai ya yi lilo a sama, ni kuma in riƙa sassautawa a hankali har ya sauka kamar an ajiye shi da hannu.

Ciniki kuwa nawa ne. Ka'idar babanmu ce: mai hawa ba ya ciniki, don shi itacen kawai yake gani, in ya yi masa kyau sai ya ji yana son hawansa ko a kyauta. Na ƙasa shi ke ganin abin da zai fashe. Saboda haka in aka kira mu, ba sama nake fara dubawa ba, ƙasa nake zagayawa. Rufin ciyawa ne ko soro ne, akwai inda zan tsaya in ja, lungun zai toshu ko ba zai toshu ba. Sannan in ƙwanƙwasa gindin da bayan gatari in ji ko akwai rami. Daga nan a yi maganar itacen kansa: in maɗaci ne ko ƙirya, gungumen namu ne, mu sayar wa masu yankan katako ko masu sassaƙa turmi, sai kuɗin aiki ya ragu. In rimi ne ko cediya da ba su da wani amfani sai hayaƙi, mai gida ya cika. Akwai kuma abin da muke kira kuɗin ƙi. In aiki bai kwanta mini ba, ba na ce wa dattijo a'a a ƙofar gidansa. Sai in faɗi kuɗin da na san ba zai biya ba, ya ce Allah ya sawwaƙe, in ce amin, mu rabu da mutunci.

Duk aikin nan a kan murya yake tafiya. Daga sama Yaya yakan ce riƙe, ko ya ce saki. Ni kuma daga ƙasa kalmata ɗaya ce, tsaya. In na ga mutum ya shigo ƙarƙashi, ko igiya ta harɗe, ko reshe zai tsage ta inda ba a so, sai in ƙwala ta, shi kuma ko gatarin yana sama sai ya tsayar da shi. Shekara da shekaru ba mu taɓa saɓawa ba.

To, a wata damina zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Yaya, har kunnuwansa suka yi ta zubar da ruwa. Ya warke, ya mayar da jikinsa, muka gode Allah muka koma aiki. Da kaka ta yi aka kira mu Miri mu rage wa wata ɗorawa rassa, inuwarta ta hana gonar mutum yin abin kirki. Aiki mai sauƙi, ko ciniki ban tsananta ba. Yana cikin saran wani reshe sai ga wata mai tallar nono ta ɓullo ta bayan karan dawa, ƙwarya a kai, ta miƙo ƙarƙashin itacen kai tsaye. Na ce tsaya. Gatari bai tsaya ba. Na sake ƙwalawa har maƙogwarona ya yi zafi, mutumin nan yana ta sara abinsa. Reshen ya rabu, na danne igiyar da iya ƙarfina, ta zame ta ɗebe mini fatar tafin hannu kafin ta tsaya. Ganyen ne kawai ya share mata ƙwarya, nono ya zube mata a kafaɗa. Ta tsaya ta wanke mu tas da Fulatanci, ba ta san uwarmu Bafulatana ce ba, duk abin da ta ce a kan kakanninmu na ji shi sarai.

Da ya sauko na tare shi da faɗa. Ya ce iska ce ta ɗauke muryata. Wace iska? Ranar ko ganye ba ya motsi. Na bar maganar don muna gaban mutane, amma raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni, gaskiya ke nan. Da muka koma gida na tambayi matarsa a ɓoye. Ta ce tun bayan ciwon nan sai ta zagayo gabansa kafin ya san tana magana, kuma in ta ambata sai ya hau ta da faɗa, ya ce ita ce ta koyi magana ƙasa-ƙasa kamar mai gulma.

Na san abin da yake tsoro, don ni ma shi nake tsoro. In aka ji a gari cewa mai hawan nan na Tirwun ya kurumce, shi ke nan, babu wanda zai sake barinsa ya hau itace a kan ɗakin 'ya'yansa, kuma ba zan ga laifin kowa ba. Yaya kuwa ban da hawa bai iya komai ba. Gonarsa ma abin dariya ce, kunyoyinsa a karkace kamar sawun maciji. Ga 'ya'ya ƙanana. Ga shi kuma mutum ne da in ka raba shi da saman itace ka gama da shi, a ƙasa shiru-shiru ne, a sama ne yake waƙa. Sai na shiga zaɓen aiki. Na daji da na gona in karɓa, na cikin gari in faɗi kuɗin ƙi. Shi yana gefe yana kallon bakina, bai san me na faɗa ba, sai dai ya ga mun juya da jakinmu. Ya fara cewa mutanen gari sun yi rowa bana.

Ana haka har shekara ta kusa zagayowa, ana ta shirin bikin 'yancin kai, ko'ina ana shara ana shafe katangu da farar ƙasa, sai limamin wani ƙaramin masallaci a Gwallaga ya aiko a kira mu. Dattijo ne fari, mai magana a hankali. Wani tsohon maɗaci ne a jikin masallacin, aradu ta taɓa faɗa masa, rabinsa ya bushe, babban reshensa ya miƙe daidai kan soron. A ɗaya gefen rumfar wani maɗinki, a bayan kuma rijiyar unguwa. Wurin faɗuwa ɗaya ne tak, wani lungu da jaki mai kaya ba zai juya a cikinsa ba. Na ƙwanƙwasa gindin, ƙasa lafiya lau, amma sama Allah kaɗai ya san abin da wutar ta bari. Yaya kuwa tuni ya ɗaga kai yana murmushi, yana bin rassan da ido ɗaya bayan ɗaya.

Na gyara murya na faɗi kuɗin ƙi, har na ƙara a kai don in tabbatar. Liman yana ta jan carbinsa. Ina jiran Allah ya sawwaƙe, sai na ji ya ce Allah ya sa albarka, jama'a za su haɗa, ba za su yarda soro ya rufta wa masallata ba. Ya miƙo mini hannu. Kai, ranar na ga ta kaina. Ciniki ya faɗa a gaban shaidu, ni na faɗa da bakina, kuma Yaya ya ga an yi musabaha.

Muka kama hanyar gida. Da muka isa na wuce kai tsaye wajen Inna. Ita tun rasuwar babanmu ta ƙi zaman cikin gida sosai, tana bayan gari da 'yan shanunta da ta gada. Na tarar tana ɗaure maruƙa a dangwali, doguwar igiyar nan mai madauki-madauki da ake jera su a jiki kafin a yi tatsa. Na zayyana mata komai, har da na Miri. Na ce ni kam ba zan riƙe igiya a Gwallaga ba, gara a ce na karya ciniki da in ɗauko gawar ɗan'uwana. Ta bari na gama kumfar bakina, sannan ta aika aka kira shi.

Da ya zo ya durƙusa ya gaishe ta. Ta sa shi ya riƙe mata wani maraƙi, ta zagaya bayansa, ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana goye, da ƙarfi, har shanu suka ɗago kai. Bai waiwaya ba. Na ga fuskar Inna ta canza, sai na kau da kaina. Can sai ta sa ƙafa ta taɓa bakin dangwalin ta ɗan ja. Maraƙin ya motsa, igiyar ta motsa a hannun Yaya, nan take ya juyo ya ce, na'am Inna?

Ba ta yi masa maganar kunne ba ko kaɗan, ta san ɗanta. Washegari ta sa aka saɓo mata ɓawon kuka, ta jiƙa, ta zauna tana tufka a cinyarta. Igiya siririya ta yi, ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, amma doguwa har ta isa ƙolin rimi. Na ce ta ƙara mata kauri, ta ce in rufe mata baki, da gangan ta yi ta haka: in ta maƙale a reshe ita za ta tsinke, ba ɗanta za ta jawo ƙasa ba. Ta kira shi ta ɗaura masa a ƙugu, a kan fata, ƙarƙashin riga. Ta tsaya a gabansa yadda zai ga bakinta ta ce, "In ka ji an ja sau ɗaya, ka tsaya. In ka ji sau biyu, ka ci gaba. Ba shawara nake ba ka ba." Ya buɗe baki zai yi musu, ta zuba masa ido, ya rufe. Ta kuma ɗaura 'yar gorar ruwa a jikin igiyar, ta ce duk wanda ya tambaya a ce ta aika wa mai hawa ruwa ce, kuma ba ƙarya aka yi ba tunda za a aika.

Saura matsala ɗaya: hannuwana biyu suna kan babbar igiya, da me zan ja ƙaramar? Na gwada da haƙori, na kusa rasa na gaba. Matar Yaya, tana dariya har da riƙe ciki, ta ce ai ga babban yatsan ƙafata nan kamar tabarya yana zaman banza. Wasa ta yi, amma da muka gwada a kan tsamiyar bayan gida sai ga shi ya yi daidai. Muka yi ta gwaji har ƙafata ta saba.

Ranar aikin muka isa Gwallaga da sanyin safiya. Na sa aka tare bakin lungun ta gefe biyu da itacen gwangwala, maɗinki ya kwashe kekensa, aka rufe rijiya da faifan katako da tabarmi. Na bi babbar igiyar kamu-kamu da hannuna ina duba ko akwai inda ta ci. Yaya ya yi bisimilla ya hau. Unguwa ta fito kallo, har bisa katangu.

Ƙananan rassan ba su ba mu wahala ba. Yana ɗaurewa, ya ce riƙe, in ja masa sau biyu da ƙafa, ina kuma amsawa da baki don mutane, ya sara, in sauke. Har ya fara 'yar waƙarsa, ba a kan hanya take fita ba yanzu tunda ba ya jin kansa, amma ni daɗinta na ji. Da rana ta ɗaga na aika masa gorar, ya sha, ya sako ta, wani tsoho a gefena ya ce kai, waɗannan mutane akwai dabara.

Sai aka zo kan babban reshen da ke bisa soro. Ya ɗaure shi a tsakiya, ya zauna a kan gindinsa kamar mai hawan jaki, ya fara sara a gabansa. Ni daga ƙasa ina ganin cikin reshen, shi bayansa kawai yake gani. Da saran ya yi nisa sai na ji wani ɗan ƙara, ƙas, ƙas, irin na busasshen kara in an taka. Na duba, sai ga tsaga ta buɗe a ƙasan reshen, ba ta nufi gaba ba, baya take gudu, ta bi tsohon sawun aradu, za ta wuce ta ƙarƙashin inda yake zaune. Da yana ji, da shi zai riga ni sani. Na ƙwala tsaya, bakina ne ya yi don ya saba. Gatarin ya sake ɗagawa. Na fizgi ƙafata baya sau ɗaya, har na kusa faɗuwa.

Gatarin ya tsaya a sama. Ya leƙo, na nuna masa da haɓa. Ya sunkuya ya shafa ƙasan reshen da hannu, na ga yatsunsa sun shige cikin tsagar. Bai yi gaggawa ba. Ya ja da baya a hankali ya koma jikin uwar itacen, ya kwance wata gajeriyar igiya ta ko-ta-kwana da ke ƙugunsa ya naɗe reshen da ita tam a bayan tsagar don kada ta ci gaba. Ya sa na aika masa wata igiyar, ya ɗaure reshen a wuri biyu, sannan ya sare shi guntu-guntu daga can ƙarshe yana dawowa. Aikin da za a gama kafin azahar ya kai mu la'asar. Ko ɓawo bai faɗa kan soron ba.

Gungumen kuwa da zarto mai hannu biyu muka yi shi, ni da shi, fuska da fuska, inda ba a bukatar kunne. Muka yi masa baki ta lungun, muka yanka ta baya, muna buga guntayen ƙirya da muka fiƙe a cikin yankan don ya tura shi gaba. Samarin unguwa suka kama igiya daga nesa. Ya yi ƙara, ya yi jinkiri kamar mai shawara, sannan ya kwanta a tsakiyar lungun, katangar dama da ta hagu ko ƙwarzane babu.

Wajen sallama na gaya wa Liman a rage kuɗin, a mayar da shi yadda aikin yake, tunda ga gungumen maɗaci mun samu, sauran a saya wa masallaci tabarmi. Ya yi murmushi ya ce shi ma ɗan gari ne, ya san kuɗin ƙi in ya ji shi, amma ya rasa wanda zai kira in ba mu ba. Sannan ya dubi yatsan ƙafata da igiyar ta yanka yana jini, ya dubi Yaya, ya ce Allah ya ƙara rufa asiri. Bai ƙara ko kalma ba, kuma har ya bar duniya ban ji maganar a bakin kowa ba.

A hanyar Tirwun, muna bin jaki a baya, Yaya ya tsaya a gindin wani dutse ya ce mu huta. Ya daɗe yana murza siririyar igiyar a hannunsa. Can ya ce, da ƙarfi yadda kurame ke yi, "Auta, tun kafin Miri rabona da jin muryarka a sama." Na tsaya a gabansa na ce na sani, Yaya. Ya ce, "To, ka riƙe da kyau." Na ce ai aikina ke nan. Muka tashi muka ci gaba da tafiya, ni dai na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Maɗacin nan masu katako suka yanka shi, aka yi bencina, wasunsu a kansu manya suka zauna ranar bikin 'yancin kai. Mun je kallo. Ana ta kiɗa da bushe-bushe, Yaya bai ji ko ɗaya ba, hankalinsa yana kan bencinan, yana nuna mini wanda ya fito daga gindi da wanda ya fito daga sama. Bayan nan ya yi shekaru masu yawa yana hawa, ya aurar da 'ya'yansa da gatarin nan. In igiyar ta tsufa Inna ta tufka wata, da ta rasu matarsa ta karɓa. Daga baya ma gari ya sani, amma lokacin an riga an ga aikinsa, ba wanda ya damu.

Da gwiwa ta hana shi hawa, sai wata damuwar ta taso: ba ya jin kiran sallar asuba, ga shi ba ya son a riƙa shiga ana girgiza shi kamar yaro. Ɗakunanmu katanga ɗaya ce ta raba su. Na huda ta a sama na zura igiyar, bakinta ɗaya a wuyan hannunsa, ɗaya a yatsan ƙafata, don na saba, in ba ta nan ma barci ba ya yi mini daɗi. In ladan ya kira sai in ja sau ɗaya, shi kuma ya ja sau biyu, wato ya tashi.

Wata asuba da damina, ruwa ya kwana yana zuba, barci ya yi mini nauyi ban ji ladan ba. Sai na ji ana fizgar yatsana, sau ɗaya, da ƙarfi kuwa. Na yi firgigit na fito, na tarar da shi a tsakar gida da buta, ya riga ya yi alwala. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, yadda duk Tirwun za ta ji, wai shi da kunne ya mutu ya tashi, ni mai kunne biyu ina ta minshari. Na kama igiyar da ke wuyan hannunsa na ja masa sau biyu, na karɓi butar a hannunsa.